Harafin da Tsoho Khoo Ya Rubuta Mini

Anti Siew Lan, ki taimake ni, kunya ta hana ni buɗe shagon taliyata kwana uku ke nan. Makarantar Turanci na yi, don haka rubutun kakanninmu na Sin sai dai in kalla. Duk sabuwar shekara Tsoho Khoo, mai rubutu da buroshi a kasuwarmu ta Ipoh, yake rubuta mini harafin sa'a a jar takarda. Bara ya ƙi sayen taliyata, wai gishiri ya yi yawa. Haushi ya sa na ce wa matan kasuwa hannunsa rawa yake, rubutun da inji ya buga yake sayowa yana yaudarar mutane. Ƙarya nake. Maganar ta bazu, layin teburinsa ya watse. Bana kuma, ba kunya, na je karɓar nawa. Ya dube ni, ya rubuta, ya ƙi karɓar ko sisi. Na manna a ƙofa ina taƙama. Kwana tara masu ciniki na ƙunshe dariya, sai wata ta ja ni gefe ta ce, ke kuwa wa kika yi wa ƙazafi? Ga harafin nan na zana: 谤. Me yake nufi, yaya ake faɗarsa? Ina zan sa kaina?

Mai Taliya, Ipoh

Ƙanwata, ana faɗarsa "bang", murya na faɗowa ƙasa kamar an buga ƙofa. Ma'anarsa ƙazafi. Ɓangaren hagu "magana" ne, na dama "gefe". Kin dai san a gefen wa kika yi taki maganar.

Tsoho bai kyauta ba da ya yi amfani da rashin karatunki a ranar murna, ba zan wanke shi ba. Amma ke kwana tara aka yi miki dariya, shi shekara guda yana zaune ba mai zuwa.

Buɗe shagonki. Kada ki yaga takardar, naɗe ta ki mayar masa kafin bikin fitilu da ke rufe shagalin sabuwar shekara. Ki tara matan da kika faɗa wa ƙaryar, ki zuba shayi, ki miƙa masa da hannu biyu, ki ce da bakinki ƙarya kika yi. In ya sha, ya yafe. In ya ƙi, koma gobe. Sannan ki shimfiɗa masa sabuwar jar takarda a gabansu, su kalli hannun da kika ce yana rawa.

Ina miki fatan shekara mai albarka. Gishirin kuma a rage.

Anti Siew Lan