Ranar da Kulu Ta Ɗanɗana Ruwan Soda

Zuwa ga Innata, wadda ke kwance a Shagari,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina durƙusawa na gaishe ki kamar yadda kika koya mini, ko da yake ba za ki ce mini in tashi ba.

Inna, ranar Talatar da Baturiya mai duba karatun mata ta zo Boɗinga da gwangwanin soda, ranar ce komai ya juye mini. Soda wani farin abu ne mai kama da gishiri. Ta ce da shi ake yin farin sabulu a yini guda, ba sai an tace toka ba. Ta bar mini takardar awo, ta shiga mota.

Ba ki ga ajin nan ba. Bayan rasuwarki ne mijina Malam ya kawo ni nan gidansa, ya yarda in riƙa koya wa 'yan mata goma sha ɗaya karatu a wani zaure da aka ara mana. Ni kuwa kin san halina. Littattafan hikayar da yake sayo mini a Sakkwato sun cika mini kai, har nake ganin ni ce matar nan ta cikin labari da ke shiga gari ta gyara shi. Tun ina yarinya kin sha gaya mini, "Wagga takarda ba ta tuƙa miki tuwo."

Don iyaye su ga amfanin ajin, na fara koya wa yaran sabulunki. Muka ƙona karan gero, muka zuba tokar a tukunya mai huji, ruwan ya riƙa ɗiga. Na tsoma yatsa na ɗora a harshe, yadda kike yi, na maimaita musu maganarki: "Halshe ka hwaɗin gaskiyat toka." Suka bi layi suna ɗanɗanawa, suna yatsine fuska, suna dariya.

Kulu ta fi kowa iyawa. Shekarunta takwas, kuma ita ce ke karanta wa sauran labari da ƙarfi, tana canja murya idan sarki zai yi magana.

Ranar sodar na jiƙa ta a kwano, ruwan ya yi zafi ba wuta. Na ce kada kowa ya sa hannu. Hannu kawai na ce, Inna. Na sunkuya ina duba awon man gyaɗa a takarda, Kulu ta ɗauki ludayi ta kai baki don ta gaya mini ko ruwan ya yi. Abin da na koya mata ta yi.

Ruwan ya ƙone mata baki da maƙogwaro. Na ɗura mata nono, na goya ta har ɗakin magani. Ta rayu. Yau wata biyu ke nan, kunu mai sanyi kaɗai ke wuce mata, in ta yi magana uwarta ce kawai ke ganewa.

Na je gidansu sau huɗu. Uwar ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Takan shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta koma ga dakanta. Yaran suka janye ɗaya bayan ɗaya. Jiya na share zauren, na zauna har azahar, akuya ce kaɗai ta leƙo.

Malam ya ce ƙaddara ce, in jira bayan kaka, mutane za su manta. Ko sun manta, ni zan tsaya gaban wasu yaran in ce su yi yadda na yi? Na buɗe littattafan nan ina neman inda aka ba da labarin irin wannan, ban samu ba. A cikinsu duk wanda ya ji ciwo yakan warke kafin shafin ƙarshe.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki. Allah ya buɗe bakin Kulu, ko da ba za ta sake kiran sunana ba.

Gobe da safe zan mayar wa mai zauren mabuɗinsa. Na bar koyarwa.

Ɗiyarki,
Ige