Kwalbar da ta rage a rumfar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina gajiya? Yaya Anti Rabi da yara, yaya zaman Fatakwal? Mu dai muna nan, alhamdulillahi.

Ranar Talata na raka Inna garinmu Kuyello, karo na farko tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Rumfar marigayi Baba ta rushe. Na tona yashin gindin randa, inda yake binne lemon kwalba ya yi sanyi, sai ga guda ɗaya, ba a buɗe ba.

Ka tuna shi ya fara kawo lemon kwalba garinmu a kan keke? Yana gaya wa masu saye wai lokacin yaƙi Turawa suka ƙirƙiro shi da ragowar 'ya'yan itace. Mu yi ta dariya.

Inna ta ce, "Buɗe, Hadiza." Muka sha a tsaye. Ban ji zaƙi ba, ban ji komai ba. Zan sa kwalbar a jaka, ta karɓe ta mayar cikin yashi. Ta ce, "Babanku ba ya yarda a tafi da kwalba."

Ka gaida kowa. Ka yi wa Baba addu'a, Yaya. Ni in na ɗaga hannu, ba abin da ke zuwa bakina.

Ƙanwarka,
Hadiza