Ƙusoshinku Suna Nan a Bangon Inna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da ke rabon kuɗin gwamnati na binciken sauyin yanayi a jiharmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Yallaɓai yana lafiya, da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Allah ya taya riƙo.

Sunana Sabo, mai gyaran rediyo ne ni a unguwar Koki, cikin birni. Ban saba rubuta wa manya takarda ba, kuma da na sami ƙofar da zan shiga in faɗi damuwata baki da baki, da ban kawo ta jarida ba. Na nemi ƙofar har na gaji. Maganar tawa ta bango ce guda ɗaya, bangon ɗakin mahaifiyata, wanda yanzu haka tsaga ta ratsa shi daga indararo har ƙasa, ga kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Na farko, yadda aka yi muka shiga hannunku.

Gidanmu ginin ƙasa ne, kakana ya gina shi. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abincin ginin ƙasa yaɓe ne. Kafin damina ta faɗi a kira magini, a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bi bango da rufi a mayar musu da abin da ruwan bara ya ci. Haka muka taso muka gani, kuma gidan bai taɓa ba mu tsoro ba. To amma a shekarun nan ruwa ya sauya hali. Sai ya yi ta jan rai har a fita roƙo, sannan ya zo a fusace, iska tana maka shi a jikin bango. Kududdufin da ke bayanmu, wanda dā yake shanye ruwan unguwa, an cike shi an yi shaguna a kai. Saboda haka da na ji a rediyo, bayan sojoji sun koma bariki, cewa gwamnatin farar hula ta ware kuɗi don a binciko yadda talaka zai zauna da wannan sabon yanayi, wallahi murna na yi. Na ce yau zaɓe ya yi rana, mun sha rana a layi ba a banza ba.

Damina biyu ke nan da suka wuce, ana gab da fara yaɓe, mai unguwa ya aiko in zo. Na tarar da baƙi uku daga wata jami'a, babbansu ana ce masa Dakta, mutum mai fara'a da iya gaisuwa. Ya ce kwamitinku ne ya ba su kuɗi su auna yadda ruwan yanzu yake cin ginin ƙasa, kuma bangon gabas na gidanmu ya fi kowane dacewa, don shi ruwa yake fara duka. Dabararsu mai sauƙi ce. Za su kafa dogayen ƙusoshi a bangon har kawunansu su yi daidai da yaɓe, bayan damina su dawo su ga yadda kowace ƙusa ta fito, a nan za a san yawan ƙasar da ta zaizaye. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada a yi wa bangon yaɓe sai sun dawo, don sabon yaɓe zai binne ƙusoshin, aikinsu ya lalace. Su kuma suka yi alkawarin da zarar sun auna, za su shafe bangon da wani sabon haɗi wanda ruwa ba ya ci.

Ɗakin da ke bayan bangon na Inna ne, mahaifiyata, tsohuwa ce wadda ƙafa ta fara gaza mata. Ba a taɓa bangonta sai da izininta, sai aka shiga da Dakta ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani. Ta dama masa fura da hannunta. Liman yana wurin, ya ce tunda an yi magana mai kyau a shafa Fatiha a kanta. Duk muka ɗaga hannu muka shafa, har da Dakta. Daga nan suka kafa ƙusoshinsu masu jan fenti a ka, suka tsayar da ni a jikin bangon suka ɗauki hoto, suka shiga motarsu mai lambar gwamnati.

Yallaɓai, rabona da su ke nan.

Na biyu, yawon da na sha. Da kaka ta yi ba su zo ba, sai na je ofishin da suka kwatanta mini a wajen Ƙofar Nassarawa. Na tarar ana sayar da katifu a ciki, mai shagon ya ce shi ma allon sunansu kawai ya gada, ya juya bayan allon ya rubuta nasa. Na je jami'ar, aka ce Dakta ya tafi taro ƙasar waje, kuma taron a kan sauyin yanayi ne. Na koma, aka ce ya dawo amma ya sake tafiya wani. Na zo ofishinku ba sau ɗaya ba, kullum masinja ya ce mini fayil yana sama. Ban san nisan saman nan ba, amma rufe shagona nake yi in zo, in wuni a benci in koma.

Na uku, kuma nan ne na san masu karatu za su ce laifina ne. Za a ce, to Malam Sabo, wa ya riƙe maka hannu? Ka kira magini mana ya yaɓe bangonka. Na kira shi. Malam Ado magini ya zo da mutanensa tun bara, har an kwaɓa ƙasa a ƙofar gida, Inna ta dogara sandarta ta fito ta tsaya. Ta ce an shafa Fatiha a kan ba za a taɓa bangon nan ba sai baƙi sun dawo, kuma ita ba za ta je kabari da cin amanar baƙon da ya sha furarta ba. Na kawo mata liman da kansa, ya yi mata bayani cewa tunda su suka fara saɓawa, nauyi ya sauka daga kanmu. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ta ce, "Allah gafarta Malam, ai kai shaida ne, ba da kai aka ƙulla ba." Na roƙe ta ta koma ɗakin da ke kusa da nawa, ta ce a wannan aka kawo ta amarya, a cikinsa mahaifina ya cika, ba inda za ta. Wani abokina ya ba ni shawara in samo mai gilashi in sa masa kwat, ya zo ya ce daga jami'a yake. Inna ta riƙe fuskar Dakta tsaf, kuma ko ba ta riƙe ba, ni ba zan yi wa uwata wasan kwaikwayo ba.

Haka bangon ya sha damina biyu tsirara. Ƙusoshin da aka kafa daidai da yaɓe yanzu sun fito har a rataya hula a jikinsu. Gindin bangon ya jiƙe ya rube, in ka sa yatsa sai ƙasa ta biyo ka. Malam Ado ya ce in aka yi masa aiki kafin ruwan farko zai iya ceto shi, in aka wuce haka kuwa shi babu ruwansa. Ni ba na iya cin abinci in na ga gari ya yi duhu. Tsoro nake ji, Yallaɓai, ba na ɓoyewa.

Na huɗu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya ina gyaran rediyon wani, tana kama tasha sai na ji muryarka. Kana cewa an kammala zangon farko na binciken gidajen ƙasa cikin nasara, har ka ambaci Koki, kuma an amince da ƙarin kuɗi don a shiga zango na biyu a Mandawari. Sai da na ajiye abin da ke hannuna. An kammala ta yaya? Wa ya auna? Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta daga safe har yamma, ko kaza ba ta wucewa ba ta gani ba, kuma babu wanda ya zo ya duba ƙusa ko ɗaya. In akwai lissafi a rahoton da aka kawo maka, ina so in san a jikin wane bango aka samo shi.

Zan faɗi abin da ke raina, in zato ne Allah ya yafe mini. Ina zargin ba a taɓa nufin dawowa ba, hoton nan da aka ɗauke ni shi ne duk abin da ake buƙata don kuɗi su fito. Akwai zargin da ya fi wannan muni, wanda ke hana ni sukuni. Wani lokaci sai in ga kamar jira ake bangon ya faɗi, a zo da kyamara a ɗauki kufai, a haɗa da hoton farko a kai muku, a ce ga irin ɓarnar da sauyin yanayi yake yi, a ƙaro kuɗi. Ina fata ƙarya nake. Amma lokacin soja ba ma tambaya, don mun san amsar. Yanzu ku da bakinku kuka ce kuɗin namu ne, to ni ma ina da kaso a cikin wanda aka sayi ƙusoshin nan da shi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na gaba da bincike. Ruwan nan ya fi ƙarfin yaɓen kakanninmu, muna buƙatar masu ilmi su taimake mu, gidajen ƙasa kuwa sun cika birnin nan, duk da mutane a cikinsu. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Ga roƙona. A bayyana wa jama'a a rediyo, da Hausa, nawa aka bayar a zangon farko, wa ya karɓa, me ya gano. Kada a saki kuɗin zango na biyu sai wani daga kwamitinku ya taka da ƙafarsa ya ga inda aka ce an yi na farko. Mutanen Mandawari kuma, in baƙi sun zo muku da ƙusa, ku yi yaɓenku tukuna.

Roƙo na ƙarshe shi ne babba, kuma ba ya cin ko kwabo. Na yafe sabon haɗin da aka yi mana alkawari, ƙasa da ciyawa sun ishe ni. A turo Dakta, ko ɗaya daga cikin biyun da suka rako shi, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya yi sallama, ya ce mata sun sauke mata alkawari, a yi yaɓe. Malam Ado yana jira, a ranar zai fara. Amma a zo kafin ruwa.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya ba shi ikon sauke amanar da ya ɗauka, ya haɗa shi da mataimaka na gari. Dakta kuma a gaya masa bai rasa mai yi masa addu'a ba. Inna ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin zarge-zargena ba. Bayan kowace sallah tana roƙon Allah ya sa ba ciwo ne ya hana bawan Allahn nan dawowa ba, kuma a gindin bangon take shimfiɗa buzunta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabo mai gyaran rediyo,
Koki, cikin birnin Kano.