Murfin Rijiyar Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya bayan naki, ya daina ciwo? Inna tana gaishe ki. Ta ce in tuna miki kin yi alkawarin kawo mata jaririya, ga shi an ce har ta fara rarrafe.

Na rubuto ne maimakon in kira, domin a waya katse ni kike yi, maganar nan kuwa tana son a ji ta har ƙarshe.

Kin tuna masana'antar jima ta bayan layin dogo, wadda muke toshe hanci in za mu wuce ta? Shekara goma sha ɗaya ke nan da rufe ta. Ashe duk zamanin da suka yi suna aiki, ruwan sinadarin da suke jiƙa fatu a wani rami suke zubar da shi, ramin kuma ba a daɓe shi ba. Ƙasa ta shanye. Watan jiya na gwada ruwan burtsatse ta huɗu, wadda hukumar ruwa, inda nake aiki, ke ba unguwanni uku ruwa daga gare ta, na ga gubar ta ninka abin da aka yarda mutum ya sha sau bakwai. Na ɗauka kwalbata ce ba ta wanku ba. Na sake sau uku da sababbin kwalabe, lambar ba ta motsa ba.

Injiniyarmu ta zana mana abin a allo. Gubar ba a zaune take ba, tafiya take yi tare da ruwan ƙarƙashin ƙasa, a hankali, kuma gangaren wajen unguwarmu ya nufa. Daga burtsatsen zuwa ƙofar Inna na taka da ƙafata, minti goma sha biyu ne.

Na gwada rijiyar gida, wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya haƙa. Akwai alama, amma kaɗan. Da na gaya wa Inna sai ta ɗebo a kofi ta ɗaga wa rana, ta ce in nuna mata inda gubar take. Da gaskiyarta, ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Ta ƙara da cewa ai tafasawa take yi, yadda wani likitan ruwa ya koya mata tun yana ɗan aji uku. Kin san likitan. Ni ne na dawo daga makaranta na hana kowa sha sai an tafasa, Baba yana ta yi min dariya. Shekara ashirin ba ta fasa ba ko sau ɗaya. To tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Wannan ƙarfe ne narkakke. Ruwa ya tafi a tururi, shi ya zauna a tukunya, ya ma ƙara yawa a abin da ya rage. Na yi mata wannan bayanin, ta tambaye ni wanne za ta kama, karatuna na da ko na yanzu.

Na fara kai mata jarka biyu kowace safiya daga can ɗaya gefen gari. Ki yi mata magana, ta fi jin taki.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Auta


Yaya,

Sallama da fatan alheri. Na ji kin kira Inna, na gode. Ta ce min kin zama 'yar aikena. Yaya jikin ƙaramar, haƙoran sun fito?

Kin tambaya me hukuma take yi. Dabarar injiniya ita ce kada a kashe burtsatse ta huɗu. A cire ta daga bututun gari, amma a ci gaba da zuƙo ruwanta dare da rana ana zubarwa a wani tafkin siminti, domin muddin tana zuƙa, gubar wajenta za ta riƙa taruwa, ba za ta gangaro mana gida ba. A takarda dabarar ba ta da aibu. Abin da ba mu zana a allo ba shi ne mutanen da muka yanke wa famfo. Tankar ruwa sau biyu take zuwa musu a mako, ga kuma ruwa fari tas yana kwarara a kwata zuwa tafkin a gaban idonsu. Kafin kwana uku layin jarkoki ya kai bakin titi.

Ni da kaina na rubuta gargaɗi da jan fenti a babban allo na kafa. Da na koma, mai gadin wurin ya tare ni da fara'a ya ce, “Ranka ya daɗe, allon nan naka ya yi amfani, a inuwarsa mata ke jiran layi.” Wata tsohuwa ta tambaye ni ko na taɓa kwana biyu da yara biyar ba ruwa. Ban taɓa ba, haka na gaya mata.

Daga nan wani ya ɗauki hoto, jarida ta buga cewa hukumar ruwa tana zubar da ruwa mutane na ƙishi. Washegari shugabanmu ya ba da umarni a kashe injin burtsatsen, aka kuwa kashe. Injiniya ta ce in an kashe, damina biyu ta ba unguwarmu kafin gubar ta iso. Ta yi kuskure, ba mu kai haka ba. Duk gidan da famfonsa ya ƙafe ya kira masu haƙa ya yi tasa rijiyar, kowace sabuwar rijiya kuwa jawo gubar take yi ta wajenta. Cikin wata huɗu lambar rijiyar Inna ta ninka uku.

Jarkokin da nake kai mata kuma, sai makon jiya na gano inda suke tafiya. Ɗaya gidan mai 'yan biyu take aikawa, wai jarirai sun fi ta bukata. Ɗayar ta baƙi ce, da shayin da take dafa min in na je. Ita kanta na rijiya take sha. Da na yi magana ta ce shekara arba'in suna tare da ruwan nan, ya san ta, ta san shi, in bar su.

Na ce ta dawo wajena, ga ɗaki. Ta ce wa zai riƙa share ƙofar Baba?

Ban san abin da zan ƙara ba. Ki gaida maigida.
Auta


Yayata,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ƙafafun Inna sun kumbura, na kai ta asibiti ta kwana huɗu. Ƙodarta ce, ta yi rauni. Likita bai ce ruwan ne ba, ni ma ba zan ce ba, domin shekarunta kaɗai za su iya kawo haka, kuma ba ni da gwajin da zai raba min biyun. Abin da na sani shi ne lambar da ke cikin littafina.

Tana kwance na kira magini, muka zuba wa rijiyar murfin kankare, na tsaya har ya kama. Na san ban shawarce ki ba. Da na dawo da ita gida ta tsaya a tsakar gida tana kallonsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta cire guga daga ƙusar da Baba ya kafa, ta naɗe igiyar, ta shige da su ɗaki. Tun ranar ba ta ƙara ce min Auta ba. Ma'aikaci take kira na. Ma'aikaci ya iso, a ba ma'aikaci kujera.

Na haƙura da wannan, na ce in dai ta daina sha, ta kira ni duk abin da ta ga dama.

Jiya na yi sammako da jarkoki, sai na gan ta tana fitowa daga gidan tela, maƙwabcinmu, da bokiti a hannu, tana tafiya tana hutawa. Kin san rijiyarsu, katanga ce kawai tsakaninta da tamu, taku takwas. Ruwa ɗaya ne, Yaya. Na karɓi bokitin na gaya mata haka. Ta dube ni ba fushi, ta ce, “Tasu ai ba ka rufe ba. Da tana da wani abu da ka rufe.”

Ba ni da ikon rufe ta tela. Na ƙirga rijiyoyin unguwar, sun haura ɗari biyu, kuma ko an rufe su duka ban san abin da mutane za su sha ba. Injin tace ruwan da aka ce za a kawo, har yau wurin da aka share masa ciyawa ce ke fitowa. Injiniya ta nemi canjin wajen aiki. Ta ce min ko yau aka fara gyara, jikokinmu ne za su ga ƙasar nan ta wanku.

Na zubar da bokitin, na cika mata tukunya da ruwan jarka. Ta ɗora a wuta, ta zauna tana jira sai da ya tafasa sosai, yadda na koya mata. Na san ina juya baya za ta koma gidan tela.

Ki zo, Yaya. Ba na zaton za ta bi ki, amma ki zo ki gwada, kuma ta ga jikarta. Ki sanar da ni ranar in ƙaro jarka. In kun iso, kada ki bar Inna ta ba yarinyar ruwa, ko da ta ce miki ta tafasa.

Allah ya kawo ku lafiya.
Ƙaninki,
Auta