Ku Cire Hoton 'Yata Daga Shafinku

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya fassara wasan soyayyar nan na Japan zuwa Faransanci, Paris.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni uwa ce, mutuniyar Damagaram, mazauniyar Lyon. Na rubuto muku a asirce ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. 'Yata ɗalibar jami'a ce. Tun tana sakandare take son wasanku, wanda ake karanta labari a allo, mai wasa yana zaɓar wa jarumar saurayi da amsar da za ta ba shi. Ta sayi littattafan zane na labarin, ta kalli fim ɗinsa na zane har ta haddace. Ban taɓa hana ta ba.

Na biyu. Da kuka shirya gasar shiga irin ta jarumar a Paris, ni na raka ta wajen tela a unguwar Guillotière nan Lyon, ya ɗinka rigar yadda za ta dace da hijabinta. Ta zo ta ɗaya. Kuka sa hotonta a shafinku da cikakken sunanta da jami'arta da unguwarmu. Hoto kawai ta yarda a sa.

Na uku. Tun daga nan wani mutum ya shiga aiko mata da saƙo, yana kiranta da sunan jarumar, shi kuma ya ɗauki sunan ɗaya daga cikin samarin. Na sa ta nuna mini labarin wannan saurayi: shi ne mai kulle yarinyar a ɗaki, wai don kada duniya ta cuce ta. A wasan, wannan mummunan ƙarshe ne. A fim ɗin kuma an sa masa kiɗa mai taushi, an mayar da shi ƙauna. Hotunan wannan ɗakin mutumin yake turo mata. In ta toshe shi, sai ya dawo da sabon suna.

Na huɗu. Abin ya bar waya. Ta gan shi a tashar taram, jirgin cikin gari, tsaye kawai, yana murmushi; ta gane fuskarsa daga hoton da ke saƙonninsa. Ta canza hanya, ta gan shi a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, sun rubuta, suka ce mu sa ido. Yarinyar da ke cika gida da dariya yanzu ba ta matsawa kusa da taga, darasi ma ta daina zuwa. Jiya maƙwabciyarmu ta ce wani bature mai ladabi ya riƙe mata ƙofa, ya tambaye ta hawa na nawa muke.

Ban ce ku kuka aiko shi ba, ranka ya daɗe. Amma a shafinku ya samo hanyar gidana, kuma har yau hoton yana nan.

Ina roƙon ku cire hoton da bayananta yau ɗin nan. Ku miƙa wa 'yan sanda duk abin da mutumin ya rubuta a ƙarƙashin hoton. Sauran 'yan matan gasar kuma ku sanar da su, don ban san ko tawa kaɗai yake bi ba.

Allah ya tsare maka zuri'arka, ya raba ka da ganin abin da nake gani. Allah ya sa kuma amsarku, in ta zo, kada ta zama ta'aziyya.

Wassalam.

Uwar yarinyar, Lyon.