Motar Baba Ta Sake Murya

Zuwa ga Yaya Idi a Kwatano,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina gajiyar aiki? Yaya Hajara da yara? Mu nan Filinge lafiya lau, hatsi ya yi kyau bana.

Ƙaramar motar marigayi Baba ta tashi. Na samo wani inji a Yamai, ni da Sani bakanike munka rataya igiyar rijiya a reshen tsamiyar ƙofar gida, munka ciro tsohon. Sabon ya ƙi zama daidai, sai da Sani ya kwana biyu yana walda.

Ina murza makulli ta kama, ba tari ba hayaƙi. Na kira Inna ta gani. Ta saurara, ta ce, "Wannan ba muryarta ba ce. Da, tun daga bakin gari nake jin tarinta in ɗora wa babanku ruwan wanka."

Mai sayen ƙarafa ya zo taya tsohon injin, na ce ya kama gabansa. Injin yana ɗakin Baba, Inna ta rufe shi da tabarma.

Ka gaida mutanen gida, ka sa mu da Baba cikin addu'a. Ranar da ka zo zan tarbe ka a tasha. Ka neme ni da ido, kunnenka ba zai gane motar ba.

Ƙanenka,
Sale