A Gaya wa Na'ura Kalilu Ya Rasu

Daga ofishin Babban Darakta mai kula da duk manhajojin waya na ƙasa, zuwa ga Malam Badaru, ɗalibi a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da karatu, da zafin Kano. Ofishina ya sami labarin kai ne ka saka wa shagon Alhaji Mainasara mai gyaran injuna a Daura manhajar nan, ka tsara mata matakai: An Karɓa, Ana Gyara, Ana Jiran Kaya, An Gama, An Ɗauka. Sannan ka kulle da lambar sirri ka kama gabanka, kamar kai ne mai shagon. An kuma shaida mana ko an kira ka ba ka ɗauka. Wannan laifi ne babba, hukuncinsa tsire na mutum uku.

Na rubuta uku, ni da kai da Kalilu kamar yadda muka saba, sai alƙalamin ya tsaya.

Ka san injin ban ruwan Kalilu yana shagon. Ana gobe zai kwanta ciwo aka gama shi, aka tura shi matakin An Gama. To kai ka tsara cewa duk abin da ya zauna a nan, kowace Juma'a saƙo ya tafi wa mai shi. Har yanzu yana tafiya, Badaru. Wayar Kalilu tana hannun mahaifiyarsa, Inna Hasana. Da ta yi ƙara sai ta kai wa maƙwabta su karanta mata, su ce wai Kalilu ya zo ya ɗauki injinsa.

Juma'ar farko da kanta ta tako har shagonmu, ta tsaya bakin ƙofa tana ba mu haƙuri, wai ko ba mu ji ba ne, yaron ya rasu. Ni take gaya wa, ni da na kama makararsa. Na ce mata na'ura ce ke aikowa. Ta ce to don Allah a gaya wa na'urar.

Na so in danna An Ɗauka kowa ya huta. Alhaji ya hana, ya ce injin amana ne, ba mai taɓa shi sai yayyen Kalilu sun zo daga Sandamu an raba gado, kuma ba za a rubuta ƙarya a shagonsa ba. Na maida shi Ana Gyara, sai ga saƙo ya tafi wai an fara aikinsa. Inna kuwa ta ƙi yarda a kashe wayar, muryarsa na ciki.

Abin da nake roƙo, ka ƙara mataki ɗaya, ka sa masa suna Yana Jiran Magada, wanda ba ya aika komai ga kowa. Ko ka turo lambar in laluba. Na san abin da ya hana ka ɗaukar waya, kowa da yadda yake kukansa. Amma yau Talata, Juma'a ta kusa.

Alhaji yana gaishe ka. Allah ya jiƙan Kalilu, ya sa ya huta.

Ai ka gane tun daga rubutun, wane darakta ne zai yi wannan jagwalgwalo? Da na sa sunana a sama na san ajiyewa za ka yi.

Ni ne naka,
Dabo, ɗan makarantar allo, wanda kuke cewa ba ya iya magana ba wasa.